Sai An Yanke Dawa

Zariya,
9 ga Satumba, 2021

Ɗana Mas'ud,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da babanka Yaya Maikuɗi da Innarka Binta da ƙannenka duka. Mu nan lafiya lau, in ban da hawan jinin nan da ke motsawa duk lokacin da na kira lambarku aka ce ba a samun ku. Tun da aka ɗauke sabis a Zamfara saboda 'yan bindiga na koma zamanin da na baro, biro da takarda. Shitu direba, mai jigila tsakanin Bukkuyum da Zariya, ya yarda zai riƙa karɓar saƙona a tasha. Kai ma ka riƙa ba shi naka.

Ga abin da ya sa na rubuto. Jami'ar nan ta buɗe neman gurbin digiri na biyu, za a rufe a ƙarshen Oktoba, kuma na riga na fara cike maka fom. Kada ka ce mini komai. Tun bara ka gama bautar ƙasa, kana zaune a Adabka kana auna wa babanka gero, da digirin tarihi a ƙasan akwati. Ni na so in ci gaba ban samu ba, aji da raino suka cinye ni. Ga shi har na yi furfura ina koya wa 'yan sakandare yaƙe-yaƙen mutanen da ban san kabarinsu ba. Kai ba za ka tsaya inda na tsaya ba.

Sashen tarihi ba sakamako kaɗai suke dubawa ba. Suna son tsarin bincike: me za ka bincika, don me, kuma wa zai faɗa maka. Yara da yawa za su rubuta jihadi da zuwan Turawa, saniyar da aka tatsa har ta ƙafe. Kai kuwa kana da abin da babu mai shi, wato Baffa Gidaɗo na rugar bayan rafi. Tun zamanin kakana shanun gidanmu a hannun gidansu suke. In an yi girbi su sauka a gonarmu, shanu su ci kara su bar mana taki, mu kuma mu kai musu damman gero. Yanzu da kowa ke magana kamar manomi da makiyayi ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba, kai ka kawo musu shaida daga bakin wanda ya gani.

In ka je, ka zauna ƙasa da inda yake zaune. Ka nemi izini kafin ka kunna waya ka ɗauki muryarsa. In ya yi shiru kada ka cike masa shirun, tsofaffi a cikin shiru suke lalubo magana. Sannan ka kwafe komai da hannu yadda ya faɗa, kada ka gyara masa Hausa. Ni zan buga a nan.

Ka gaishe shi, ka ce in ji Kaltume.

Gwaggonka,
Ummukulsum

Adabka,
20 ga Satumba, 2021

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, kowa yana amsawa. Inna ta ce ki rage gishiri. Gari lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Kasuwa dai ba ta ci, an hana, gero na nan jibge a zaure.

Na karanta wasiƙarki sau uku a bayan rumbu. Ban san ina son abin nan haka ba sai da na ga an rubuta shi.

Na je rugar ranar Talata. Ba za ki gane ta ba. 'Ya'yansa maza duk sun tashi sun yi yamma tun da ɓarayi suka kore musu garke bara. Saura shi da matarsa Inna Aisatu da 'yan shanun da suka tsira, har da namu guda biyu. Gwiwa ta hana shi kiwo mai nisa, amma bakin yana nan. Yana hango ni ya ce, "Wa nika gani haka? Ɗan Kaɗo, yunwa ta koro ka?"

Na ce, "Baffa, Gwaggo Kaltume ta aiko ni."

Ya ce, "Kaltume mai boko? Wadda ɗan maraƙi ya kora har ta hau rumbu tana kiran Inna? Ita ta zan malama?" Ya yi dariya har da tari. Inna Aisatu ta dama mini fura, ta ce kada in saurare shi, shi ma kare ya taɓa kora shi.

Ya yarda na kunna waya. Ya bi mini burtalin da shanu ke bi da can, daga Anka har gulbin Gummi, mashaya bayan mashaya, da wanda ya nome kowane yanki da shekarar da aka nome shi. Shafukan suna cikin ambulan ɗin nan. Sai ya zo kan shekarar da fara ta cinye gonaki, lokacin da babansa da kakanku suka ƙulla amanar. Ya ce, "Ranar nan rantsuwa anka yi, kuma ni kaɗai na rage wanda ya san abin da anka ce."

Daga nan ya yi shiru. Na tuna maganarki, ban cike masa ba. Yana ta kallon dawar da ta kewaye rugar, bana ta fi mutum a kan raƙumi tsawo. Can ya ce, "Kashe abin ga. Tashi ka tai gida tun rana tana sama. Kada ka komo sai an yanke dawa."

Na ce, "Baffa, makarantar ba za ta jira ba."

Ya ce, "To ta yi haƙuri."

Gwaggo, ko za su karɓi wannan rabin? Ina ganin gara a bi maganarsa.

Ɗanki,
Mas'ud

Zariya,
29 ga Satumba, 2021

Ɗana Mas'ud,

Assalamu alaikum. Allah ya yi maka albarka! A tsaye na karanta shafukanka a tsakar gida har tuwona ya kama. Kana da kunne, yaro, kuma kunne shi ne rabin wannan sana'a. Ka gaya wa tsohon nan maraƙin ba ƙarami ba ne, bijimi ne, kuma ina da shaidu.

Ban yi shawara da kai ba, na kai wa Farfesan da ke shugabantar sashen. Tare muka yi aji ɗaya da matarsa. Ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "Ina sauran? Rantsuwar ita ce binciken, wannan duk shimfiɗa ce." Na ce masa tana hanya. Ka ga ke nan na riga na sa bakina.

Yanzu maganar dawa. Mas'ud, kai ɗan yau ne, ba ka san Fulanin da ba. Wannan kara ce. Bafulatani irin Baffa Gidaɗo ba zai taɓa buɗe baki ya ce ka yi masa ba daidai ba, sai dai ya ɗaga maka rana. Kuma ka yi masa ba daidai ba, laifin nawa ne da ban faɗa maka ba. Na duba wasiƙarka sama da ƙasa ban ga inda ka ce ka riƙa masa wani abu ba. Hannu rabbana ka je wurin dattijo neman maganar kakanni? Ko malamanmu na jami'a abin da suka fara koya mana ke nan, ba a zuwa da baki kaɗai. Ba sayen magana ba ne, girmamawa ce.

Ga ƙunshi nan na ba Shitu. Akwai sukari da ganyen shayi da goro, da batir na rediyonsa, da maganin ciwon gwiwa irin wanda nake sha. Ka kai masa da hannunka, ka ce Kaltume ta ce a yafe wa yaro. Za ka ga yadda bakin zai buɗe.

Dawa sai Nuwamba, fom kuwa Oktoba. In ka bari bana ta wuce, wa ya san baɗi? Tsoho ne, Allah ya ƙara masa kwana, amma irinsu ɗakin karatu ne da gara ta riga ta kama ginshiƙinsa. Ina jin abin da ake faɗa a rediyo, ban ce babu ba. Amma kai da kanka ka ce gari lafiya. Kuma wa zai ɗaga wa Baffa Gidaɗo yatsa a Adabka? Rabin garin nan da nonon shanunsa aka yaye su.

Ka yi azama. Ina jira.

Gwaggonka,
Ummukulsum

Zariya,
19 ga Oktoba, 2021

Mas'ud,

Assalamu alaikum. Lafiya dai? Ambulan ya iso jiya, na zazzage shi har sau biyu ina neman wasiƙa, babu ko gaisuwa. Shafukan hira kawai. Ko digirin ya fara hawa kanka tun ba a ba ka ba? Na tambayi yaron tasha ko Shitu ya ce wani abu, ya ce ajiyewa kawai ya yi ya juya.

Amma kai, abin da ka samo! Ban taɓa jin wannan ba, ni da aka haifa a gidan. Ashe a shekarar fara kakana ya buɗe rumbunsa na ƙarshe ya raba biyu da baban Gidaɗo. Ashe kuma ba gero da taki ne ainihin amanar ba. Bafulatani ba shi da mai tsaya masa a cikin gari in an kai ƙararsa kan ɓarna ko jangali, shi ne kakana ya dafa Alƙur'ani ya ce shi da zuriyarsa su ne shaidun gidan nan a gaban kowane alƙali. Na yi hawaye a kan injin bugawa. Ba na ce maka bakin zai buɗe ba?

Na haɗa da tsarin binciken na miƙa yau da safe. Mun riga rufewa. Yanzu sai addu'a.

Ka rubuto mini ko layi biyu ne. Yaya gwiwar tasa? Maganin ya karɓe shi?

Gwaggonka,
Ummukulsum

Adabka,
7 ga Nuwamba, 2021

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Muna nan da rai. Wannan wasiƙa Shitu zai sa ta cikin hularsa, shi ya sa zan rubuta yadda abin yake.

A shingen hanya ana buɗe wasiƙu. Da na ce miki gari lafiya sai abin da ba a rasa ba, na ɗauka za ki gane. 'Yan sa-kai sun kafa doka tun watan Satumba: duk wanda aka gani ya nufi daji da sukari ko magani ko batir, ɗan aiken ɓarayi ne, domin abin da ɓarayin ke nema ke nan tun da aka rufe kasuwanni. Baffa Gidaɗo ba kara yake yi mini ba. In dawa na tsaye ba a ganin mai tafiya sai motsinsa, kowa zargin kowa yake. Abin da ya faɗa shi yake nufi.

Na san dokar, Gwaggo. Na ajiye ƙunshinki kwana da kwanaki a ƙarƙashin gado. Sai in tuna Farfesa ya cire tabarau, sai in tuna kin sa bakinki. Ranar Alhamis na ɗaure shi a keke. Don kada in bi ta shinge sai na ratsa ta cikin dawa, wanda ya fi komai muni in an gan ka. An kuwa gan ni.

Da na ajiye ƙunshin a gabansa ya daɗe yana kallo. Inna Aisatu ta ce, "Gidaɗo, ya koma da shi." Ya ce, "Kyautar ɗiyar gidan Maikuɗi? A ce na maido ta?" Ya ce in gode miki. Sannan ya ce, "Kunna abin naka, tunda ka riga ka zo." Ya faɗi komai bai tsaya ba, kamar mai sauri.

Ranar Asabar suka zo gidanmu. Tasi'u ne a gaba, kin san shi, ɗan gidan mahauta, wanda ɓarayi suka kashe wa ƙane a gona bara. Suka fitar da ni ƙofar gida, mutane suka taru. Ya ce, "Mi ka kai daji?" Na fara bayanin jami'a da tsarin bincike, wani ya ce, "Ji ɗan boko, bincike ya kai musu!" Ɗaya ya riga ya kwance igiya daga kafaɗarsa.

Sai Baba ya fito. Ya ce, "Tasi'u, yaro na, bai san komi ba. Tsohon ne ya ba shi sautu."

Tasi'u ya juyo ya ce, "Haka ne?"

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka e ne, ni ma na san haka za su ɗauka.

Suka je rugar suka samu kayan, ko goron ba a taɓa ba. Suka taso shi har ƙofar gari da gwiwar nan tasa. Aka ce Maikuɗi ya ce kai ka aiki yaro. Ya ɗaga kai ya nemi Baba a cikin taro har ya same shi. Baba yana kallon ƙasa. Sai ya ce, "Tunda Maikuɗi ya hwaɗi, haka ne. Ni na aike shi."

Ba zan rubuta abin da suka yi masa ba. Sun ƙone rugar. Shanun an kore su, sai namu biyu da aka ware aka kawo mana har gida, suna nan ɗaure a bayan ɗakin Inna, ba mai iya kallonsu. Washegari Inna Aisatu ta samu mai amalanke ya fitar da shi, aka kai shi wurin 'yarsu Safara'u a Gummi. An ce baya iya tashi.

Bayan duk wannan na zauna na kwafe hirar na aiko miki. Ki lura da wannan. Ba wanda ya tilasta ni.

Kin tambayi ko maganin ya karɓe shi. Maganin yana wurin Tasi'u, shi ne shaida.

Adabkar da kike rubuto wa wasiƙa ta daɗe da tashi, Gwaggo. Ke kaɗai kika rage a cikinta.

Mas'ud

Zariya,
30 ga Nuwamba, 2021

Ɗana Mas'ud,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wasiƙarka ta yi mako biyu a hanya, ta kuma yi mako guda a hannuna na kasa amsawa. An ce an maido muku da sabis. Na kira ka ya fi a ƙirga, tana shiga ba ka ɗauka. Na kira Yaya Maikuɗi, ya ce kowa lafiya, ya kashe.

Ni na ɗaure ƙunshin nan da hannuna. Har ina zaɓar goro fari saboda na tuna shi yake so. Mutum ya faɗi magana a fili, na zauna a Zariya na yi mata fassara, na kuma kira ka ɗan yau. Ban da abin cewa.

Ka bar ni in zo. Zan tsaya gaban Tasi'u in ce ni na saya, ni na aiko, ga mai shagon da na saya a wurinsa. Ko ba a maido komai ba, a wanke sunansa. Ka kuma nemo mini kwatancen gidan Safara'u, akwai likitan ƙashi a nan da zan iya kawo shi wurinsa.

Akwai wata maganar, na rasa yadda zan faɗe ta. Sunanka ya fito cikin waɗanda za a gana da su ranar sha huɗu ga Disamba. In ka ce in je in janye, zan janye. Amma ka ji ni ko sau ɗaya ne, in har sauran maganata na da daraja a wurinka. Ka zo. Ka ce musu binciken ba zai tsaya kan rantsuwa ba, zai zo har ƙofar garin Adabka, har ranar Asabar ɗin nan. A rubuta abin da aka yi masa da abin da ya ce. Wannan kaɗai ne aikin da na san masu tarihi na iya yi wa wanda aka zalunta.

Ɗakin baƙi a share yake.

Gwaggonka,
Ummukulsum

Adabka,
26 ga Disamba, 2021

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Ina ganin kiranki. Na fi iya takarda.

Baffa Gidaɗo ya rasu ranar biyar ga wata a Gummi. Ba sai kin nemi likita ba. Na je gaisuwa ni kaɗai, Baba ya ce ƙafarsa na ciwo. Na yi zaton za a kore ni, har na so a kore ni. Safara'u ta gan ni ta shige ɗaki. Inna Aisatu kuwa ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta ce, "Ina Binta? Ina Kaltume, tana can Zariya?" Na ce tana can. Ta ce, "A gaishe ta." Na buɗe baki zan yi magana, ta ce, "Sha ruwanka, Mas'udu, hanya da nisa." Iyakar abin da ta ce ke nan har na tashi.

Kada ki zo wurin Tasi'u. In kin ce ke kika aiko, kin ce Baba ya yi ƙarya ke nan, kuma igiyar da aka kwance domina tana nan. Inna ta ce in roƙe ki ki rufa mana asiri. Na roƙe ki.

Na je Zariya ranar sha huɗu. A tasha na sauka, a tasha na hau, ki yi haƙuri ban biyo ba. Malamai uku ne a ɗakin. Farfesa ya ce a shekarun nan bai ga tsarin bincike mai rai kamar nawa ba. Ɗaya ya tambaya ko zan iya komawa wurin tsohon in ƙaro bayani. Na ce ya rasu. Suka ce Allah ya jiƙansa. Farfesa ya ce, "Ka yi sa'a ƙwarai da ka riske shi."

Na faɗi abin da kika ce in faɗa. Na ce ina so binciken ya zo har bana. Ya girgiza kai, cikin kirki, ba da faɗa ba. Ya ce in tsaya a 1999. Abin da ya biyo baya bai zama tarihi ba tukuna, na 'yan jarida ne, masu abin suna raye, kuma sashen ba zai jefa ɗalibinsa cikin haɗari ba. Ya ce in na yarda da wannan, gurbin nawa ne.

Na yarda, Gwaggo. Na sa hannu. Za a fara karatu bayan hutu, zan nemi ɗaki a cikin makaranta.

Baba ya raba goro a masallaci, mutane suna ta zuwa taya murna, har Tasi'u ya aiko a yi mini barka. Jiya bayan la'asar Baba ya kira ni zaure, ya tambaye ni a hankali ko me da me za a rubuta a littafin nan. Na faɗa masa shekarar da aka ce in tsaya. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce Farfesan nan mutumin kirki ne, in kai masa gaisuwarsa.

Ɗanki,
Mas'ud